Yadda ake ƙarfafa bangon ɗakin inji a jiragen wasan igiyar ruwa

A tafkunan Amurka da Kanada akwai wani wasa da ya bunƙasa cikin shekaru ashirin da suka gabata, wanda a can ake kira wekisaf. Ƙaramin jirgi mai inji ne ke tafiya a hankali, kimanin kilomita 16 zuwa 19 a sa'a guda, yana tayar da tozon ruwa a bayansa. Mai wasa yakan hau wani ɗan allo a ja shi da igiya, da zarar ya daidaita a kan tozon sai ya saki igiyar, ruwan da kansa ya ci gaba da tura shi.

Daɗin wasan yana ga girman tozon, girman tozon kuwa yana ga nauyin jirgin. Duk yadda jirgi ya ƙara nutsewa, haka yake ture ruwa mai yawa, haka kuma ruwan ke dawowa ya taru a bayansa da tsayi. Saboda haka masu waɗannan jirage suke yin abin da kowane matuƙin kwale-kwale zai kira ganganci, wato su ɗebo ruwan tafki da gangan su zuba a cikin jirginsu.

Kamfanonin da ke ƙera su, irin su Malibu da MasterCraft a Jihar Tennessee da Nautique a Jihar Florida, sukan saka tankunan ruwa a ƙarƙashin daɓen jirgin tun daga masana'anta. Sai dai farashin sabon jirgi ya haura dala 100,000, don haka da yawan masu sha'awar wasan tsohon jirgi suke saye, su ƙara masa nauyi da jakunkunan ruwa. Jakar tamkar salka ce ta zamani: an yi ta da yadi mai kauri da aka lulluɓe da roba, tana da bakin shigar ruwa da na fita da kuma na numfashi, ƙaramin famfo mai aiki da batir ne ke cika ta. Akwai mai cin laba 400, akwai mai 750, akwai mai 1,100. Tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jaka mai laba 750 na ɗauke da lita 340, kusan jarka 14 ke nan irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Mai laba 1,100 kuwa rabin tan ce, saura kaɗan.

Wurin da ake ajiye wannan ruwa shi ne tushen matsalar.

Ba a yin wasan da jirgin da injinsa ke rataye a waje, domin farfelarsa na kusa da mai wasa. Ana amfani ne da jirgin da injinsa ke ciki, farfelar kuma tana can ƙarƙashin cikin jirgin. A yawancinsu injin na zaune a can baya, a tsakiya, an juya shi ya ba gaban jirgin baya, sannan wani giya ya karɓi ƙarfinsa ya mayar da shi ƙasa zuwa farfela. Babban injin fetur ne mai silinda takwas, dangin wanda ke cikin manyan motocin a-kori-kura na Amurka. A damansa da hagunsa akwai ma'aji biyu masu zurfi. Abin da ya raba kowane ma'aji da injin shi ne allo guda, galibi na farar roba mai tauri ko na katako da aka manna wa kafet, kaurinsa bai cika wuce rabin inci ba.

Wanda ya tsara allon nan a tsofaffin jirage bai yi shi don ɗaukar kaya ba. Shamaki ne kawai, don kada rigar ceto ko tawul ko igiya su faɗa kan inji, ya kuma rage ƙara. An ma yi shi ne yadda za a zare shi cikin sauƙi idan makanike zai yi aiki, shi ya sa sau da yawa 'yan ƙusoshin sukundireba ne ke riƙe da shi, ko kuma an zura shi ne a wani siririn kwari sama da ƙasa. Yau ga shi an jingina masa ruwan kura guda.

Ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba

Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauka nauyin jakar duk a kan daɓe yake sauka, kamar an ajiye bulo. Bulo ba ya tura abin da ke gefensa. Buhun hatsi yakan tura kaɗan, duk wanda ya taɓa jibge buhuna a jikin bangon langa-langa ya ga yadda bangon ke yin ciki. Ruwa kuwa da ƙarfin da yake danna ƙasa, da shi yake tura gefe. A ɗora ledar fiya-wata a tafin hannu a ga yadda take bajewa, tana neman abin da za ta jingina da shi.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka tsawon allon santimita 120 ne, ruwan da ke jikinsa kuma ya kai tsayin santimita 60, a ma'ajin da faɗinsa ya kai rabin mita. Wannan shi ne kusan girman da jaka mai laba 750 za ta cika. A saman ruwan babu matsi ko kaɗan, a ƙasansa kuwa matsin ya kai na kilo 600 a kan kowace murabba'in mita. Idan aka ɗauki tsaka-tsaki aka ninka da faɗin allon, za a samu kimanin kilo 216. Kamar a kwantar da allon ne a kan duwatsu biyu, ƙarti uku su hau su tsaya a kai.

Abubuwa biyu ne ke fitowa daga wannan lissafi, kuma su ne ke nuna inda za a yi gyara. Na farko, turin bai bazu daidai a jikin allon ba. Cibiyarsa tana kashi ɗaya bisa uku na tsayin ruwan daga ƙasa, wato santimita 20 daga daɓe a misalin nan. Wanda ya ɗaura ƙarfensa a saman allon, inda hannu ya fi saurin kaiwa, ya tokare wurin da ba ya buƙatar tokara. Na biyu, tsayin ruwan ne ke da ta cewa, ba faɗin ma'ajin ba. Ko an rage faɗin jakar da rabi, muddin tsayin bai sauya ba, turin da allon ke sha bai ragu ba. Idan kuwa tsayin ya tashi daga santimita 60 zuwa 75, ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu kacal, turin zai tashi daga kilo 216 zuwa kusan 338.

Akwai wani ƙarin da ba kowa ke lura da shi ba. Bakin numfashin jakar yakan haɗu da mesa da ke fita ta gefen jirgin, don iska ta fice, ruwa kuma ya malala waje idan jakar ta cika. Ramin da mesar ke fita yana sama da jakar. Mai jirgi yakan bar famfo yana aiki har sai ya ga ruwa na tsartuwa daga wannan rami, alamar an cika ke nan. To, a daidai lokacin, ruwan da ke tsaye a cikin mesar yana ƙara matsi a kan jakar baki ɗaya, komai sirantar mesar. Idan ramin ya ɗara saman jakar da santimita 30, an ƙara wa allon wasu kilo 216, turin ya ninka ke nan, alhali ruwan da ya jawo haka bai cika kofi biyu ba. Idan kuma mesar ta lanƙwashe ko ta toshe, famfo mai farfelar roba, wanda ke tura ruwa da ƙarfi ko da ya gamu da tirjiya, zai ci gaba da hura jakar har sai wani abu ya sallama.

Girman jakar ma yana da nasa tasiri. Jakar da ba ta kai ma'ajinta girma ba takan kumbura ta yi ƙwallo, fatarta ta riƙe yawancin turin. Amma mutane da gangan suke sayen wadda ta fi ma'ajin girma, don ruwa ya shiga kowane lungu. A nan fatar ba ta miƙe ba balle ta riƙe komai, bangon ma'ajin ne ke ɗaukar duka. Ɓangare uku jikin jirgi ne mai ƙarfi, na huɗun shi ne allon nan.

Duk wannan lissafin jirgin da ke tsaye ne. Idan ya fara tafiya yana dukan igiyar ruwa, ko ya yi kwana da sauri, ruwan cikin jakar yakan yi tsalle ya bugi allon, musamman idan jakar ba ta cika ba.

Abin da ke bayan allon

Allon ba ya karyewa farat ɗaya, lanƙwasa yake yi. Roba tana da wata ɗabi'a: idan aka bar ta a ƙarƙashin nauyi, sai ta ci gaba da lanƙwasa a hankali ko da ba a ƙara nauyin ba, zafi kuma na gaggauta hakan. Ɗakin inji a tsakiyar bazara wuri ne mai zafi. Allon da ya yi ciki da santimita ɗaya a farkon kakar wasa yana iya kaiwa uku ko huɗu kafin ƙarshenta, kuma ba zai koma daidai ba ko an zubar da ruwan.

Abin da ya fi kusa da allon ta kowane gefe shi ne bututun hayaƙin injin. Ruwan tafki ne ke zagayawa a cikinsa yana sanyaya shi, don haka a ka'ida zafinsa ba ya kai na salansar mota. Amma ranar da famfon sanyaya inji ya samu matsala, ko ciyawa ta toshe mashigar ruwan, cikin ɗan lokaci bututun zai yi zafin da zai narka roba. Ban da shi akwai wayoyin fulogi, da mesar fetur, da wayar totur, da fambel da ke juyawa a can baya. Akwai kuma mesar fankar da ke zuƙe tururin fetur daga ƙasan ɗakin injin, wadda laushinta bai wuce na takarda mai kauri ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan jirgi, shi ya sa ƙa'idar da ake koya wa matuƙa a Amurka ita ce a kunna fankar na tsawon minti huɗu kafin a tayar da inji. Idan allo ya matse wannan mesa, fankar za ta yi ta ƙara kamar kullum, amma ba abin da take fitarwa. A ganina wannan ya fi duk sauran haɗari, domin ba ya nuna alama.

Idan kuma allon ya kuɓuce daga kwarinsa, jakar takan kwanta a jikin injin, ko kan wata ƙusa ya huda ta. Fashewar jaka ba ta ƙara wa jirgi nauyi, tun da ruwan dama a ciki yake. Illar ita ce ruwan da ke ɗaure ya zama sakakke, ya gangara duk inda jirgin ya karkata ya ƙara karkatar da shi, ya kuma taru a ƙasan injin inda sitata take. Famfon kwashe ruwa da aka rubuta masa galan 750 a sa'a zai buƙaci fiye da minti bakwai kafin ya fitar da lita 340, a takarda ke nan, a aikace ya fi haka.

Gyaran

Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya sauya allon da mai kauri. Yana taimakawa ƙwarai, domin taurin allo na ƙaruwa ne da kaurinsa a ninka sau uku a kansa. Daga rabin inci zuwa kashi uku bisa huɗu na inci, taurin ya ninka fiye da sau uku. Sai dai roba roba ce. Alminiyum ya fi irin wannan roba tauri kusan sau saba'in, ƙarfe kuma ya fi alminiyum kusan sau uku. Ga kuma ƙarancin wuri, kowane santimita da aka ba allo an ƙwace shi ne daga jaka ko daga inji.

Abin da ya fi kauri tasiri shi ne tazarar da ke tsakanin wuraren da aka tokare allon. Lanƙwasa na ƙaruwa da wannan tazara a ninka sau huɗu a kanta. Ma'ana, idan aka raba tazarar biyu ta hanyar saka matokari a tsakiya, lanƙwasar za ta ragu aƙalla sau goma sha shida. Magina sun san haka, shi ya sa ake tsayar da ginshiƙi a tsakiyar babban falo maimakon a yi ta ƙara kaurin dakin.

Saboda haka gyaran da ya fi yaɗuwa shi ne a ɗaura sandunan alminiyum a bayan allon, ta ɓangaren inji, a kwance daga gaba zuwa baya. Siffar sandar ta fi nauyinta muhimmanci. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe da aka manna a jikin allo kusan aikin banza ne. A gwada da rula: a kwance yaro ma zai lanƙwasa ta, a tsaye a kan gefenta kuwa sai an sha wuya. Ƙarfe mai faɗin milimita 40 da kaurin milimita 5 ya fi tauri sau 64 idan aka tsayar da shi a kan gefensa. Wannan ne dalilin da ya sa ake zaɓen sanda mai kusurwa, ko mai siffar kwari, ko bututu mai kusurwa huɗu, domin kowannensu na da ɓangaren da ke fuskantar turin da gefensa. Sanda ta farko a kashi ɗaya bisa uku na tsayi daga ƙasa ya kamata ta zauna, ta biyu a sama da tsakiya kaɗan.

To amma sandar ma sai ta sami abin da za ta jingina da shi. Allon da aka taurara, aka bar shi a kan 'yan ƙusoshinsa na asali, ya daina lanƙwasa ne kawai, yanzu zai fita ne gaba ɗayansa. Dole bakin kowace sanda ya sauka a kan wani abu da ke cikin ginin jirgin: bangon baya, ko gindin kujerar baya, ko ginshiƙan nan biyu da suka miƙe a ƙasan jirgi waɗanda injin kansa ke zaune a kai. A ƙasan allon kuma, inda matsin ya fi yawa, akan kafa doguwar sanda mai kusurwa a jikin daɓe ta zama dogarawa. Wurin huda daɓen na buƙatar natsuwa, domin tankin fetur da wayoyi da mesoshi suna ƙarƙashinsa. A tsofaffin jirage masu katako a cikin faiba, duk ramin da ba a toshe da gam mai hana ruwa ba ƙofar ruɓewa ce.

Wasu sukan gitta sanda ɗaya daga allon dama zuwa na hagu, ta bi ta saman inji ko ta gabansa, don turin wannan ya kashe na wancan. Dabara ce mai kyau idan jakunkunan biyu a cike suke. Sai dai ba kullum suke cike tare ba. Kafin shekarar 2012, lokacin da Malibu ya fito da Surf Gate, wani faifai a bayan jirgi da ke karkatar da ruwa gefe guda, hanyar samun tozo mai kyau ita ce a jibge nauyi a gefe ɗaya har jirgin ya kwanta. Masu tsofaffin jirage da dama har yanzu haka suke yi. A irin wannan hali sandar da aka gitta za ta kwashi turin allon da ke cike ta kai wa wanda babu komai a bayansa, su tafi tare. Saboda haka ita ma sai an ɗaure ta a jikin jirgin.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa shi ne a tokare allon a jikin injin. Injin na zaune ne a kan matasai yana girgiza, kuma an daidaita shi da sandar farfela daidaitawar da ake aunawa da ƙasa da kaurin gashi biyu. Kilo ɗari biyu da ke tura shi daga gefe zai ɓata wannan daidaito, zai kuma ci duk abin da ke gogarsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma a kansu aiki ke lalacewa. Ƙusar sukundireba ba ta kama roba da kyau, tana zamewa, don haka ƙusa mai noti ake so wadda ta ratsa allon da sandar duka, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Kan ƙusar mai santsi shi ke fuskantar jaka, tsinin ya kalli inji. A goge duk wani kaifi, a shimfiɗa kafet ko tabarmar roba tsakanin jaka da allo. Inda jirgin ke shiga ruwan gishiri, haɗuwar alminiyum da ƙarfen da ba ya tsatsa na sa alminiyum ɗin ya ci, sai a raba su da wani man shafawa ko zoben roba. Kada a rufe ramukan da iska ke shiga wa injin. Kada kuma a yi gyaran da zai hana cire allon: ta nan ake kaiwa ga matatar baƙin mai, ta nan kuma mazauna jihohin arewa irin su Minnesota da Wisconsin ke kwance notin zubar da ruwan inji kafin hunturu, domin ruwan da ya daskare a ciki yakan tsaga injin. Wanda ya liƙe allonsa dindindin zai yi da-na-sani a watan Oktoba.

Bango mai ƙarfi ba ya ƙara wa jirgi iya ɗauka

Akwai wani ruɗi da ke biyo bayan gyaran. Da mutum ya ga allonsa ya daina motsi, sai ya sayo jaka mafi girma. Dokar tarayya a Amurka ta wajabta wa ƙananan jirage da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba su ɗauki wani ɗan faranti da ke nuna iyakar nauyin da za su ɗauka, kamfanoni da yawa kuma suna manna irinsa a waɗanda suka fi haka tsawo. Ruwan jakar da mai jirgi ya ƙara da kansa yana cikin wannan lissafi, daidai da fasinja. Jaka biyu masu laba 750 sun kai nauyin manya tara. Jirgin da bayansa ya nutse sosai, idan direba ya saki totur farat ɗaya, tozon da ya tayar da kansa ne zai biyo shi ya hau ta baya.

Hukumomi ma sun fara sa ido kan girman tozon. A 2022 masu bincike na Jami'ar Minnesota sun fitar da rahoton awon da suka yi wa igiyar ruwan irin waɗannan jirage, inda suka gano tana buƙatar fiye da ƙafa 500 kafin ta lafa zuwa matsayin ta jiragen shaƙatawa na yau da kullum. A 2024 Jihar Vermont ta kafa ƙa'idar da ta taƙaita wasan ga wuraren da ke da nisan ƙafa 500 daga gaɓa da zurfin ƙafa 20.

Shi kuwa gyaran, ana gwada shi ne a bakin gaɓa, jirgi a ɗaure, murfin inji a buɗe. A auna tazarar da ke tsakanin allo da bututun hayaƙi kafin a zuba ruwa, a rubuta. A cika jaka ɗaya har ruwa ya fito ta mesar numfashi, a sake aunawa, sannan a cika ta biyun a auna. Bayan yini guda na wasa a cikin rana, injin na da ɗumi, jakunkunan na cike, a kuma aunawa a daidai wurin da aka auna da farko. Idan tazarar ta ragu daga ta safe, sandar ta yi ƙaranci ko kuma bakinta bai sauka a wuri mai ƙarfi ba.